'Yar kwalbar da ta sa na tuna gida

Aikina a nan Ingila a kan hawan jini ne, kuma kusan dukansa ya rataya a kan wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. A cikinta akwai antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki da ke maƙale wa abu guda takamaimai, ruwa mikirolita 100 kacal, da aka tace daga jinin zomo don ya kama wani enzayim (sinadarin da ke hanzarta wani aiki) a jikin mutum mai suna ACE. Leonard Skeggs da abokan aikinsa ne suka gano shi a 1956. Yana zaune a bangon jijiyoyin jini, ya fi yawa a huhu, kuma shi ke datse wani sinadarin jini mai suna anjiyotensin na ɗaya ya koma na biyu, wanda ke matse jijiya har jini ya hau. Lisinopril ɗin da iyayenmu ke sha da safe aikinsa ke nan, hana ACE sakat. Ido ba ya ganin enzayim ɗin, sai antibodi ya maƙale masa sannan ya fito a matsayin ɗan baƙin layi a kan takardar gwaji.

Da yamma na yi oda, washegari ga akwati a kan teburina, ƙanƙarar ciki ko narkewa ba ta fara ba. Wannan ma ya ishe ni mamaki, amma babban abin yana gaba. Da na gwada, layin bai fito a inda ya kamata ba, wajen kilodalton 170, wato ma'aunin nauyin ACE. Wasu layuka ne barkatai suka fito. Gabana ya faɗi, don kuɗin kwalbar ɗaruruwan fam ne. Na aika wa kamfanin da ya sayar mini saƙo ina shirin rigima.

Wadda ta amsa mini masaniyar kimiyya ce. Ta nemi hoton gwajin da lambar rukunin kayan, ta tambayi yadda na sirka shi, da ko na gwada da naman huhu ko na ƙoda don tabbatarwa. Har ta tuna mini cewa ACE2, ɗan'uwansa da cutar korona ke shiga jiki ta kansa, yana iya rikita sakamako. Daga nan ta ba ni haƙuri, ta aiko da sabuwar kwalba daga wani rukuni, ko kwabo ban ƙara ba.

Wallahi sai da idona ya cika da ƙwalla. Lokacin da nake digiri na biyu a gida, ta hannun dillali muka sayi irin wannan. Muka biya, dala ta tashi, muka cika. Watanni suka shuɗe, kayan suka maƙale a filin jirgi, da akwatin ya iso ruwa ne ɗumi ke tsiyaya daga gindinsa. Dillalin ya ce, "Sai haƙuri, Malam," ya kashe waya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun saba da haka. Ɗalibi ya zuba mataccen antibodi, ya ga layin da ya gani, ya rubuta, a sa hannu. Muna gina dogon bene mu sayo na'ura a yanka kintinkiri, amma kuɗin sinadarai da man janareta babu su a kasafi.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Su ma suna sayar da antibodin da ba ya aiki, shi ya sa dole ka tantance da kanka, ga tsada, ga cike takardu kafin ka taɓa jinin mutum ko ɗigo ɗaya. Kuma ba wanda zai yi maka abin da wani dattijon ma'aikacin ɗakin bincikenmu na gida ke yi: in aka ɗauke wuta, sai ya zuba samfuranmu a kula, ya hau babur ya kai su firizar gidan maƙwabcinsa. Allah ya saka masa da alheri.

Gaskiya mu ya kamata mu fi kowa damuwa da wannan enzayim. Yawancin masu hawan jini a cikin baƙar fata renin ɗinsu, wato sinadarin da ke fara samar da anjiyotensin, ƙasa yake, don haka maganin da ke toshe ACE shi kaɗai ba ya yi musu aiki sosai. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya duba marasa lafiya 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodipine, wani maganin hawan jini da ba ACE yake toshewa ba, ya fi saukar da jini.

Roƙona ga duk wanda ke kwamitin kasafin sashe: kafin a sayo wata na'ura, a saka wa firiza sola, sannan sassa su haɗa oda ɗaya, a rubuta a yarjejeniya cewa in kaya suka iso da ɗumi, dillali ne zai biya.