Mun yi hayar kayan sauti a Katsina, ga yadda ta kaya

Tunda abokai sun dame ni da tambaya a kan kayan da muka yi wasa da su ranar Asabar, wai a ina muka samo kuma nawa aka ba mu, bari in zauna in faɗa maku yadda aka yi tun daga farko, wanda zai ɗauka sai ya san abin da ya taka. Sunan shagon ba zan kama ba, yana nan dai wajejen Ƙofar Ƙaura, duk mai harkar biki a garin nan ya san irinsu, sifiku jibge har bakin titi kamar buhunan masara.

Mu biyar ne. Ni ke riƙe da fiyano, akwai mai jita, da mawaƙinmu da ɗan amshinshi, sai mai kalangu wanda shi ba ɗalibi ba ne, dattijo ne ya kusa haifarmu, Baba muke ce mashi. Wani wurin shaƙatawa ne a GRA ya kira mu, irin wuraren nan na gasasshen kifi da shayi da lemo da ake jera kujerun roba a fili, ba batun giya tunda kowa ya san shari'a ake a jihar nan tun 2000, kuma mai wurin ya ja mamu kunne sha ɗaya na yi a kashe komi, ba ya son abin da zai haɗa shi da 'yan Hisba ko maƙwabta. Wannan ne karo na farko da za mu yi wasa a wurin da ba biki ba, ba kuma cikin makaranta ba, wato mutanen da za su zauna ba don mu suka zo ba, kifi ya kawo su. Shi ya sa muka ce ko za a rasa riba a samu sauti mai kyau.

Ranar Laraba na je shagon. Alhajin mai shagon mutum ne mai baki, wallahi in ya fara lissafa maka kaya sai ka ɗauka filin Polo za ka cika. Muka daidaita a kan 45,000, na ba da 20,000 kafin alƙalami, ya riƙe katin makarantata. Abin da ya ce zai ba mu: manyan sifiku biyu masu inci 15, sob ɗaya mai inci 18 don ƙasan sauti, amfilifaya, miksa mai layi 12, makirfo huɗu, monita biyu wato sifikun da ke kallon makaɗa don su ji kansu, da yaro ɗaya da zai bi kayan. Na ce Alhaji a rubuta mana a takarda, sai ya yi dariya ya ce "haba ɗan makaranta, ni da kai sai an yi rubutu?" Ni kuma kunya ta kama ni na yi shiru. Kuskurena na farko kenan.

Asabar ɗin kuma da tes na tashi. Ƙarfe 8 na safe, can hanyar Dutsinma, ga sanyin hunturu ga hazo ko gabanka ba ka gani sosai, na hau kabu-kabu hannuna kamar ba nawa ba. Fiziks na ke karantawa aji uku, kuma abin dariyar tes ɗin a kan raƙuman sauti ne, na cika takarda da lissafi ina jin kaina wani gwani. Na fito sha ɗaya saura, na tsaya na sha koko da ƙosai a bakin get, na koma ɗaki na sake bin waƙoƙi tara da muka tsara da abin kunne don kar in tada abokin kwanana da ya kwana karatu. Barcin da na ce zan yi bayan Azahar bai yiwu ba, mai jita ya kira wai tsirkiyarshi ta ƙasa ta tsinke, sai da muka zagaya shago uku kafin a samu.

An yi da Alhaji kaya za su iso ƙarfe 4, bayan La'asar. Huɗu ta yi, biyar ta yi, in na kira sai ya ce "ga su nan a hanya". Shida saura kwata Napep biyu suka shigo, ana sauke kaya ina ƙirgawa, monita ɗaya ce ba biyu ba, sob ɗin kuma babu shi kwata-kwata wai an kai wani kamu a Batagarawa ba a dawo da shi ba. Raina ya ɓaci sosai. Na kira Alhaji bai ɗauka ba, na sake kira ya ɗauka ya ce in yi haƙuri za a rage mani wani abu, ya kashe.

To yaron da ya biyo kayan shi ne dalilin da ya sa na ke wannan dogon rubutun, don ba don shi ba da layi biyu zan yi in ce kar wanda ya je. Ba zai wuce shekara 19 ba, siriri, da wata tsohuwar jakar makaranta cike da wayoyi da salatif da ƙarfen soda. Bai ce mamu komi ba sai sannunku Yaya, ya tsaya ya kalli filin, ya kalli inda muka riga muka ce a ajiye sifiku wato bayanmu jikin bango don su yi kyau a hoto, ya girgiza kai. Ya ce Yaya in aka bar su nan kuka za su yi ta yi. Ya jawo su gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, suka wuce layin da makirfo ke tsaye suna kallon jama'a. Ni da na rubuta tes da safe na san dalili sarai, makirfo ya ɗauki abin da sifika ta fitar ya maida mata, ita kuma ta ƙara mashi ƙarfi ta sake fitarwa, haka zai yi ta zagayawa har ya zama wannan ƙarar wiiii mai tsinka kunne, amma wallahi ko kusa bai zo mani a rai ba lokacin da na ke nuna jikin bango.

Miksar ta sha jiki. Cikin layi 12 uku matattu ne, an ma manna masu salatif, sauran kuma ƙura ta cika su, kana tura maɓalli sama sai ka ji ƙarrr ƙarrr a sifika kamar ana taka busasshen ganye. Ya ciro wani gwangwanin feshi ya fesa ma kowane, ya yi ta kai da kawo da su har suka yi shiru. Wannan aikin shago ne ya kamata a ce an yi shi tun kafin kaya su fito, ba a gaban mai haya ba ana kiran Magariba. Makirfo huɗun, biyu masu waya ne an rubuta Shure SM58 a jiki amma ɗaya kana ɗagawa ka san jabu ne, ba nauyi, kamar ka ɗauki kwalin ashana, shi muka ba ɗan amshi. Biyun marasa waya kuma ba batir a ciki, sai da na aika aka sayo da kuɗina.

Sai matsalar fiyanona. Ƙaramar Yamaha ce cikin jerin PSR-E mai maɓalli 61, ta hannu na saya, kuma irinsu rami ɗaya gare su na fitar da sauti, shi ne dai na abin kunne. Na ɗauko wayar da na saba na soka a miksa, muka kunna, sai sautin ya fito siriri kamar daga cikin rijiya, ganga da bes ɗin da ke cikin kiɗan duk sun ɓace sai ƙyal-ƙyal kawai. Na fara zufa cikin sanyin nan, na ɗauka fiyanon ce ta lalace. Yaron ya zare wayar ya duba kanta ya ce wannan mai zobe biyu ce, hagu da dama take ɗaukowa tare, layin miksar kuma in ya karɓe su haka ɗebe ɗaya yake daga ɗaya, duk abin da ke tsakiya sai ya mutu. Ya zaro wata mai kai ɗaya da ta rabu biyu ya ba kowane ɓangare layinshi, nan take sautin ya cika fili. Na tambaye shi a ina ya koya, ya ce wajen gyaran rediyo a babbar kasuwa, shekara huɗu, sannan ya yi ta bin masu wa'azi da masu biki yana ɗaukar masu waya.

Kalangun Baba shi ya fi ba yaron wahala, don Baba ba ya tsayawa wuri ɗaya, in kiɗa ya kai mashi sai ya bar makirfo ya nufi jama'a. Ga shi iskar hunturu ta busar da fatar ta ɗaure tamau, yana ta matsa tsirkiya a hammata yana saki yana neman muryar da ya saba. A ƙarshe yaron ya ce Baba don Allah in za ku tafi ku tafi, kalangu ba ya buƙatata, amma in kun dawo ku tsaya daidai nan, ya zana mashi layi a ƙasa da ƙafa. Baba ya ce to ɗana, kuma abin mamaki ya bi.

Mun fara bayan Isha, wajen takwas da rabi. Waƙa biyun farko ba wanda ya ɗago kai, cokula kawai ka ke ji da masu kiran a ƙaro yaji, wani ma ya juya mamu baya yana kallon ƙwallo a waya. Nan ne rashin monita ta biyu ya cije mu, don guda ɗayar gaban mawaƙi aka sa ta, ni da mai jita muna gefe ba mu jin kanmu sai abin da ya bugi katangar can ƙarshen fili ya dawo, shi kuma a makare yake dawowa, sai ka ga kana bin kiɗan da ya riga ya wuce. A waƙa ta uku na shiga amshi kafin lokaci, mawaƙi ya waigo ya harare ni, ni kuma na harari mai jita duk da ba ruwanshi. In za ku yi haya ku ƙyale kwaɗayin manyan sifiku ku nace a kan monita, ita ce kunnen makaɗi. Rashin sob kuma bai dame mu can ba gaskiya, wurin bai kai girman da za a ji giɓin ba, sai dai bes ɗin bai dukan ƙirji yadda na so.

Tara da 'yan mintuna aka ɗauke wuta, aka tada janareton wurin, kuma ashe layi ɗaya muke da firizojinsu. Duk sanda firiza ta tashi sai wuta ta yi ƙasa, fitilu su lumshe, fiyanona ta mutu ta sake kunnuwa ta koma sautin farko, duk abin da na saita ya goge. Sau biyu tana yi mani haka a tsakiyar waƙa. Shagon ba su zo da sitabilaiza ba, kuma da na tambaya tun Laraba cewa aka yi akwai. Baba ne ya rufa mamu asiri, ya shiga tsakiyar fili da kalangu shi kaɗai yana yi ma wani mai babbar riga kirari da ganga, shi kuma yaron ya ruga bakin titi ya dawo da batir shida ƙanana, ya kifa fiyanon ya zuba mata ya zare adaftar. Ni da kayana shekara biyu ban taɓa buɗe wannan murfin ba.

Daga nan wasa ya zauna. Mai babbar rigar ya taso ya fara liƙi, abokanshi suka biyo, wanda ya juya baya ma ya gyara kujera. Sau ɗaya kawai sifika ta yi kuka, lokacin da mawaƙinmu ya ji daɗi ya dunƙule kan makirfo da tafin hannu irin yadda ya ke gani a bidiyo, yaron ya rage da sauri ya yi mashi alama ya sauke hannu ƙasa. In ka rufe ramukan bayan kan, makirfon sai ya koma ɗaukar sauti ta ko'ina, har da na monitar da ke gabanshi. Sha ɗaya saura biyar muka rufe, mai wurin ya ce mu dawo bayan sati biyu.

Su kansu manyan sifikun ba ni da ƙorafi a kansu, murya na fita tas, ba su yi zafi ba, amfilifayar ma ta riƙe har ƙarshe. In maki ne zan ba kayan 6 cikin 10, alƙawarin Alhaji 3, yaron kuma ban san me zan rage mashi ba.

Lahadi da hantsi na je biyan cikon kuɗi da karɓar katina, ina tsammanin za a fara da maganar ragin da aka ce. Sai Alhaji ya tare ni da cewa tuwitar sifika ɗaya, wato 'yar ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, ta ƙone a hannunmu, sai na ƙara 15,000. Kai, na ji kamar in yi kuka, duk abin da ya rage mamu bayan Napep da batir da rabon mutum biyar bai kai haka ba a kason kowa. Ina cikin rantse-rantse yaron ya fito daga ciki da waya a wuya ya ce Alhaji wannan ai tun bikin Jibiya take haka, ba ita muka kai masu ba ma, ga waɗanda suka dawo can. Alhaji ya yi shiru ya kalle shi wani irin kallo, sannan ya ce to shikenan a bar maganar, ya cire mani 5,000 na sob da monita, ya jawo durowa ya miƙo katin.

Zan koma? Wasan sati biyun nan dai can za mu ɗauka, don na tambayi wurare biyu kuɗinsu ya fi haka kuma ba su haɗawa da mai kula da kaya. Amma wannan karon da takarda da biro zan je, a rubuta komi har sitabilaiza, a kunna kowace sifika a gabana in ɗauka a waya, kuma in ba wannan yaron za a haɗo mu da shi ba a maido mani kuɗina. Da zan fito na damƙa mashi 2,000 a ɓoye, ya ƙi karɓa sai da na saka mashi a aljihun jakar wayoyin, ya biyo ni har bakin titi yana cewa Yaya ka cire batiran nan in ba wasa za ka yi ba, suna zubar da ruwa a ciki.