Na gyara tsohon motopom ɗinmu maimakon in sayi sabo, ga abin da na gani bayan wata huɗu

Jama'a salamu alaikum, masu lambu da suka dame ni da tambaya a kan injin ban ruwanmu, to ga labarin. Injin Honda ne GX160 mai tiyo inci uku, Baba ya saye shi tun 2012 Allah ya jiƙan shi, da shi muke shayar da zogale da tumatir da ɗan salati a lambunmu na bakin Gulbi wajen Sumarana kusa da Maraɗi. Bara ya fara nuna tsufa. Da safe sai ka ja igiya sau goma sha kafin ya amsa, in ya tashi kuma hayaƙi shuɗi kamar ana gashin kilishi, baƙin mai kuwa shan shi yake kamar kunu, injin da cikinshi duka bai wuce rabin litar da ɗan wani abu ba amma kullum sai na ƙara.

Laifina na farko faci-faci. Yau buji, gobe a wanke karbureta, jibi a sake buji, ba ka jin zafin kuɗin don kaɗan-kaɗan suke fita, sai da na zauna na lissafa na ga sama da jikka ashirin, wato sefa dubu ashirin, sun tafi kuma injin na nan yadda yake. Yaya ya ce kai dai sayar ma 'yan gwangwan mu sayi ɗan China, ga su nan cike da kasuwa fenti ja wur kamar na asali. Ni kuma raina bai ba ni ba, ban da ma na Baba ne, na ga yadda wasu ke sayen sabon duk rani biyu.

Wani dattijon makanike aka nuna min, na ɗora injin bayan moto na kai mishi. Abin da ya burge ni bai yanke min kuɗi ba sai da ya buɗe. Ya ce yaro tsaya mu ga cikin tukun, ya kwance kan, ya sa farcen babban yatsa ya bi bangon silinda a hankali daga ƙasa zuwa sama, ya ce sa naka ka ji. Sumul, sai ɗan gaɓa can sama. Sannan ya kama sandar piston ya girgiza ya ji ko tana wasa a kan kurangshaf, ba ta yi. Ya ce in da farcenka ya maƙale a karce ko ka ji ƙwas-ƙwas a nan ƙasa da ni da kaina zan ce ka bi maganar yayanka, amma wannan ringi ne suka cinye shi ya sa mai ke hawa sama yana ƙonewa. Na ce Baba to nawa, ya ce kaya daban aiki daban. Piston da ringi, gasket, wasa bawul, da sil na famfon da ke ɗigo, duka da ladan hannunshi jikka talatin da biyu.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. Ringin farko da aka samo nan gari jabu ne, kwali mai kyau kaya na banza, kwana uku hayaƙi ya dawo. Sai da aka aika Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kuma kun san tun rufe boda na 2023 kaya ba su shigowa da sauƙi irin na da, kwana tara ina jira cikin zafin Maris, zogale ya fara sunkuyar da kai tumatir na zubar da fure. Maƙwabcina ne ya ara min ɗan Chinan shi da dare bayan ya gama, Allah ya saka mishi. Kuma gaskiya ba zan ɓata shi ba, ja ɗaya yake tashi, ruwa yake turowa sosai, illa ƙara da rawar jiki har sai ka danne shi da dutse, kuma a idona ya fi namu shan isans, ko da yake ban auna da kwalba ba. Da litar a sefa 499 a lokacin, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ban ruwa kullum.

Wani abu da gyara ba ya magani, in ruwan rijiya ya yi ƙasa. Irin waɗannan injina ba su jawo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, sabo ne ko tsoho, shi ya sa muka haƙa rami muka sauke shi ƙasa. Da yawa injin lafiya lau yake ana zagin shi a banza.

Wata huɗu ke nan, ja biyu yake tashi, hayaƙi babu, mai yana nan inda na bar shi a sanda. Na juye mai bayan awa ashirin na farko kamar yadda dattijon ya ce, yanzu duk awa ɗari, ina rubutawa da gawayi a bangon rijiya don kar in manta. A cikin goma na ba aikin takwas, biyun na cire su ne don kwana taran nan. Yaya har yanzu cewa yake mu ga ƙarshen rani mai zuwa tukun, ya ma sa min caca da buhun gero, na ce na yarda.