The Flash zango na 6, 7, 8 ko 9: wanne za ka tura in ɗaya kawai za ka iya?

Duk wanda ya bi The Flash tun 2014 ya san zangunan farko babu gardama a kansu, na 1 da Reverse-Flash, na 2 da Zoom, waɗannan ko barci kake ji sai ka ƙarasa kashin da ka fara. Rigimar daga zango na 6 take farawa zuwa na 9, wato tun da Eric Wallace ya karɓi ragamar shirin, kuma a kansu ne abokai ke yawan tambayata musamman waɗanda suka tsaya a na 5 suka ce sun gaji. Gaba ɗaya shirin kashi 184 ne, ya ƙare a watan Mayun 2023, kowane kashi wajen minti 42, ka ga kuwa ba ƙaramar data zai ci ba, memori ma sai mai girma. In ɗaya kawai za ka iya turawa, ni dai na 8 nake ba ka shawara. Zan ɗan fasa labari a gaba, wanda ba ya so ya yi min haƙuri.

Bari in fara da abin da ya same ni da zango na 6, don shi ya sa yanzu nake auna kowane zango da tambaya ɗaya: labarinsa ya cika a cikin folda ɗaya ko sai ka je neman ragowa a wani shirin? Na kai memorina wani shagon tura fina-finai, na biya, aka zuba min kashi 19 cif, na koma gida da murnata. Kashi takwas na farko wallahi sun yi kyau, bos ɗin Bloodwork ne, likita Ramsey Rosso wanda cuta ta kashe mahaifiyarsa shi ma ta kama shi ya ƙi yarda da mutuwa, a daidai lokacin da aka shaida wa Barry Allen, wato Flash ɗin kansa, cewa shi dole ya mutu a masifar da ke tafe. Mutum biyu kowa da ajalinsa a gabansa, ɗaya ya miƙa wuya ɗaya ya tubure. Ina gama kashi na 8 na danna kashi na 9 cikin dare, caji saura kaɗan, kawai sai na tsinci kaina a tsakiyar yaƙi, ga mutanen da ban san daga ina suka fito ba, ana ta jimamin abin da ban gani ba, kashin kuma ya ƙare ba tare da ƙarshe ba. Na danna na 10 na tarar komai ya wuce, duniya ma ta canza. Ashe labarin masifar, wato Crisis on Infinite Earths, kashi biyar ne aka rarraba a shirye-shirye biyar, na farko a Supergirl, na biyu a Batwoman, na uku ne kawai a The Flash, na huɗu a Arrow, na biyar a Legends of Tomorrow. Da na koma shagon washegari yaron cewa ya yi shi dai abin da ke cikin folda ya tura min, in ina son sauran sai in sake biya. Abin ya min ciwo sosai, don wata da watanni labarin yana gina wannan masifar, sannan a hana ka ganin yadda ta ƙare. Rabin zangon na biyu kuma, na Eva McCulloch da duniyar madubi, korona ta datse shi a 2020, ƙarshensa sai a kashi uku na farkon zango na 7. Wato na 6 kai da wutsiya duk a gidan wasu suke.

Zango na 8 shi ne ya gyara wannan. Ya fara a Nuwamban 2021 da Armageddon, kashi biyar a jere, ga baƙi daga sauran shirye-shiryen, Black Lightning, Ray Palmer, Batwoman, Alex Danvers, Damien Darhk, amma dukkan biyar ɗin a cikin The Flash suke, ba ka neman komai a waje. Despero ya zo daga 2031 yana cewa Flash ne zai hallaka duniya, Barry ya fara zargin ko hankalinsa ne ke gushewa, ga Joe West, surukinsa da ya rene shi, an ce ya rasu Barry kuma bai ma tuna ba. Wurin da ba na mantawa shi ne lokacin da Barry ya ruga 2031 ya shiga wajen liyafa, ya ga duk mutanensa sun yi kwalliya ana murna, ya duba gaba ya ga Eobard Thawne, wato Reverse-Flash babban abokin gabarsa, riƙe da hannun matarsa Iris ana shagalin baikonsu, kowa ya juyo yana masa kallon maƙiyi. Thawne ya juya tarihi, shi ya zama Flash, Barry ya zama Reverse-Flash. Tom Cavanagh da ke fitowa a Thawne in ya sa murmushin nan nasa ya sauke murya kamar mai raɗa, sai ka tuna dalilin da ya sa ka kamu da shirin tun farko. Sannan a kashi na 5 da tarihi ya fara shafe Thawne, Barry da Iris suna son su ƙyale shi ya mutu, Joe ya tsare su ya musu faɗa irin na uba, cewa ba haka ya rene su ba. Wannan faɗan ya fi min duk wani gudu da walƙiya da aka yi a zangon.

Bayan nan akwai labarin baƙar wuta da Deathstorm, abin da ke cin baƙin cikin mutane yana ƙarfi da shi, ya zo wa Caitlin, likitar tawagar Flash, da fuskar mijinta Ronnie da ya mutu tun da daɗewa. Robbie Amell ne ya dawo ya yi shi. A nan ne Frost, 'yar uwar Caitlin mai ƙarfin ƙanƙara, ta ba da ranta, kuma aka ba mutuwar haƙƙinta, kashi guda aka ware wa makokinta, ba irin mutuwar da ake yi yau gobe a dawo ba a ce komai ba.

Ba wai ba shi da aibu ba. Ciwon lokaci na Iris an ja shi har ya gundure ni, tana ɓacewa tana dawowa babu bayani mai gamsarwa sai can ƙarshe. Cecile kuma kullum ana ƙara mata ƙarfi, daga lauya mai jin abin da ke zuciyar mutane ta koma kusan ita ke warware komai. Rashin Cisco, abokin Barry mai ƙera na'urori, ma ana jin sa, Chester da ya gaje shi yana ƙoƙari amma ba ɗaya ba ne. Akwai kashi uku ko huɗu a tsakiya da za ka iya tsallakewa ba ka rasa komai ba. Amma a kashi 20 ka samu Armageddon da Deathstorm da dawowar Thawne a ƙarshe, kuɗinka bai tafi a banza ba.

Zango na 7 kam kar ka ɓata memorinka, in ban da kashi ukun farko da sallamar Cisco, sauran labarin Forces ne da faɗan takubban walƙiya da Godspeed. Na 9 kashi 13 ne kacal, amma har da haka suka ɓata da yawa a kan wasu ba Barry ba, Red Death ta tashi da ƙarfi ta faɗi da wuri. Ka karɓi kashi na 9 da Oliver Queen na shirin Arrow ya dawo, da na 10 da Barry ya koma shekarar 2000 ranar da aka kashe mahaifiyarsa, ka ƙara da ukun ƙarshe in kana son ganin yadda aka rufe.

Yanzu maganar masu turi, don nan ne ake cutar mutane. Na farko, babu wani zango na 10. An gama a na 9, duk wanda ya ce maka ya shigo ko ka ga tirela a YouTube da hoton Grant Gustin, mai fitowa a Barry, an rubuta sabon zango, haɗe-haɗen magoya baya ne ko kuma tarkon da zai sa ka danna wani link ya cika maka waya da talla. Na biyu, The Flash uku ne masu suna ɗaya. Akwai fim ɗin 2023 na Ezra Miller, akwai tsohon shirin 1990 na John Wesley Shipp wanda zango ɗaya kawai ya yi, sai wannan na tashar CW. Ka ce na Grant Gustin kake so, ka faɗi lambar zango. Na uku, ka ƙirga da idonka kafin ka cire memori: na 6 kashi 19, na 7 kashi 18, na 8 kashi 20, na 9 kashi 13. Ƙirgar kaɗai ma ba ta isa ba, don wasu in kashi ya ɓace musu sai su kwafi wanda ke kusa su canza masa lamba folda ta cika. Ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a nan gabansa, ka ja zuwa minti na 30 ka ji ko murya tana tafiya daidai da baki, ka duba tsawonsa, in ka ga minti 25 an yanke shi. Ka kula da wanda aka matse har fuska ta zama dishi-dishi, shirin nan rabinsa gudu ne da walƙiya cikin dare, in hoton bai da kyau ja da rawaya kawai za ka riƙa gani suna wucewa. In Turancinsu yana maka sauri ka tambayi mai sabtaitil, amma ka gwada shi a wayarka ba a kwamfutarsa ba, don sau da yawa fayil ɗin rubutun daban yake kuma ba sa haɗa maka da shi.

In kuma ka nace sai na 6, to kafin ka miƙa kuɗi ka ce ya nuna maka sauran kashi huɗun Crisis a allonsa, Supergirl, Batwoman, Arrow, Legends, ya jera maka su bi da bi a folda ɗaya da na Flash a matsayi na uku. In ya fara sosa ƙeya ka karɓi memorinka ka ce ya zuba maka na 8.