Jita ɗaya da za ta ɗauki kowane kiɗa: abin da za ka duba kafin ka saya

Mai shirin sayen jitar lantarki yawanci burinsa ɗaya ne: ya samu guda ɗaya da za ta yi masa komai. Yau ya buga kiɗa mai sanyi da murya garau, gobe ya murɗa amfilifaya ya fitar da murya mai kaushi, duk da jita ɗaya a kafaɗa. Masu ƙerawa sun san da wannan buri, shi ya sa da wuya ka ga jitar da ba a yi mata kirarin "mai iya komai" ba. Ni kam ba na karɓar kirarin sai na ga abin da aka ɗaura a kan katakon, na kuma riƙe wuyan da hannuna.

Jitar da muke magana a kai ita ce mai dunƙulen jiki, wadda gangarta katako ne cur, babu kogo a ciki. In ba a jona ta ba, da ƙyar za ka ji ta daga ɗaya ɗakin. Muryarta daga fikof take fitowa, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai aka ajiye a ƙarƙashin tsirkiya. Tsirkiyar ƙarfe tana kaɗawa a kansa, sai ta haifar da 'yar wutar lantarki da amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Rashin kogon shi ya sa ake iya ƙure mata ƙara ba ta fara kuka da kanta ba, shi ya sa kuma take da dogon numfashi idan an taɓa tsirkiya an bar ta. Tunda daga fikof murya take fitowa, daga nan ya kamata ciniki ya fara, kafin a zo maganar launi ko sunan da ke rubuce a ka.

Fikof iri biyu ne suka mamaye kasuwa. Akwai mai naɗi ɗaya, siriri, irin wanda Leo Fender ya sa wa jitarsa ta 1950 da ta koma Telecaster, ya kuma jera guda uku a kan Stratocaster a 1954. Muryarsa tana da haske da kaifi, kowace tsirkiya ana jinta daban, ko da an buga shida a tare. Aibinsa shi ne yana kwaso gurnanin wutar lantarkin da ke kewaye da shi, kuma da zarar ka ƙara kaushi gurnanin yakan ƙaru har ya dami kunne. Wannan gurnani ne Seth Lover ya magance a kamfanin Gibson: ya haɗa naɗi biyu da aka juya su gaba da juna, sai gurnanin ɗaya ya kashe na ɗaya. Shi ne hambaka, wanda ya hau kan jitar Gibson mai suna Les Paul a 1957. Maganin ya zo da sabuwar murya, mai kauri da ƙarfi, amma wadda ta rage wancan hasken na sama. Duk wata jitar da ake cewa mai iya komai ce, ƙoƙari take ta ba ka waɗannan muryoyi biyu a jiki guda.

Stratocaster ta asali, mai siraran fikof uku, ita mutane suka fi kawowa idan aka ce jita mai fuskoki da yawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Makunnin zaɓinta yana da matsayi biyar. Da farko uku ne kawai, makaɗa ne suka gano cewa idan aka maƙale shi a tsakanin matsayi biyu wata murya ta daban tana fitowa, siririya mai ɗan hanci, har kamfanin ya mayar da biyar ɗin ka'ida a 1977. A yawancin na zamani an juya naɗin fikof na tsakiya, saboda haka a matsayi na biyu da na huɗu gurnanin ma yakan ɗauke. Ga kiɗan rawa mai tsinke-tsinke, da kiɗan bulus na Amurka, da rakiyar mawaƙi, ban san abin da ya fi ta ba. An kuma sassaƙe gangarta ta yadda take kwanciya a jiki. Inda take gazawa shi ne fikof na ƙasa, na kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa kansa. In ka ɗora masa kaushi mai yawa sai ya zama siriri mai tsinin allura, ga gurnani a bayansa.

Telecaster fikof biyu gare ta, makunni mai matsayi uku, jaki kafaffe. A ido kamar ba ta da abin bayarwa da yawa, amma fikof ɗinta na ƙasa ya fi na Stratocaster cika, yana jure kaushi fiye da yadda ake zato, kuma ba ta cika sakin saiti ba. Gefenta dai ba a sassaƙe yake ba, yakan danni haƙarƙari idan zama ya yi tsawo.

Les Paul tana can ɗaya ɓangaren. Gangar katakon mahogani ce da aka ɗora wa fuskar katakon mefil, an manne wuyan da gam maimakon a ɗaure shi da sukurori, ga hambaka biyu, kowanne da murfin ƙararsa da na daidaita muryarsa. Kaurinta da dogon numfashinta babu mai musunsu, kuma wanda ya iya wasa da murafun nan huɗu zai fitar da launuka da dama. Amma hasken naɗi ɗaya ba ya cikinta. Tana da nauyi, sau da yawa kilo 4 ko sama da haka, abin da ba ka jinsa a minti biyar na gwaji sai ka tsaya da ita awa biyu. Kanta kuma a lanƙwashe yake zuwa baya, faɗuwa ɗaya tana iya tsaga shi. SG, wata jitar Gibson da ta fito a 1961, ta fi ta sauƙin ɗauka da sauƙin kaiwa ƙarshen wuya, sai dai wasu kansu yakan rinjaya ƙasa idan ka saki hannu.

In aka tambaye ni wacce zan ba mai sayen jita ɗaya tilo, ba na jinkiri: mai gangar Stratocaster da aka sa wa hambaka a ƙasa, aka bar siraran biyu a tsakiya da sama. A takardar kaya za ka ga an rubuta HSS, H na nufin hambaka, S na nufin mai naɗi ɗaya. Tunanin ya samu karɓuwa ne tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da makaɗin jita Eddie Van Halen ya dasa hambakan Gibson a gangar irin ta Stratocaster, kamfanoni suka bi sahu. Hikimar a fili take. Fikof na sama da na tsakiya su ne ƙarfin Stratocaster, an bar su. Na ƙasa shi ne rauninta, an maye shi da abin da ke son kaushi. Yamaha Pacifica 112V misali ce mai kyau a jerin masu sauƙin kuɗi: gangar katakon alda, tsarin HSS, kuma idan ka ɗago murfin daidaita murya sai ya kashe rabin hambakan. Fender da ƙaramin reshenta Squier su ma suna da Stratocaster mai wannan tsari.

Kada dai in yi maka irin kirarin da na ce ban yarda da shi ba. HSS tana da nata aibin. Hambaka ya fi sirara ƙarfi, saboda haka in ka tsallaka daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar kiɗa ƙara takan yi tsalle. Ana rage wannan ta hanyar sauke hambakan kaɗan da sukurorin gefensa, aikin minti biyu ne. Akwai kuma batun 'yar na'urar da ke ƙarƙashin murfin ƙara, wadda lambarta in ta fi girma murya takan fi haske: naɗi ɗaya an saba haɗa shi da mai 250k, hambaka da mai 500k, jita mai duka biyun kuwa dole ta zaɓi ɗaya ko ta yi dabara, sai ka ji wani fikof ya ɗan dushe ko wani ya yi haske fiye da kima. Wannan kunne ne kawai zai gaya maka.

Wata hanyar ita ce hambaka biyu masu rabuwa, irin na PRS SE Custom 24, ko tsarin HSH, wato hambaka sama da ƙasa da siriri ɗaya a tsakiya, da ake yawan gani a Ibanez RG. A nan ina so ka saurara da kyau, domin a nan talla ta fi yin ƙari. Hambakan da aka kashe wa rabi ba ya zama fikof ɗin Stratocaster. Rabin naɗin bai kai cikakken naɗi ɗaya yawan waya ba, kuma maganaɗisunsa a ƙasa yake kwance, ba kamar na Fender da sandunan da ke ƙarƙashin tsirkiya su ne maganaɗisun da kansu ba. Muryar da za ka samu tana da amfani, amma ta fi siranta, ƙararta ma ta ragu. Idan kashi bakwai cikin goma na kiɗanka mai kaushi ne, garau ɗin sai jefi-jefi, wannan tsari ya fi HSS dacewa da kai. In akasin haka ne, ka tsaya a kan HSS. Ka kuma sani cewa jita mai firet 24, wato ƙarafan da aka jera a wuya, tana tura fikof na sama ya matso ƙasa kaɗan, sai ya rasa wani abu na zurfin da yake da shi a mai 21 ko 22. Firet biyun da ka ƙaru da su, sau nawa yatsanka zai je can?

Fikof ana iya cire shi a sauya daga baya. Wuya kuwa da shi za ka zauna, shi ya sa nake ba shi muhimmanci kusan daidai da murya. Tsawon tsirkiya daga ka zuwa jaki inci 25.5 ne a Fender da Pacifica da RG, inci 24.75 a Gibson da Epiphone, inci 25 a PRS. Bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsu suna jinsa: mai tsawon ta fi tauri da ƙarar tsinkewa, gajeren ta fi laushi wajen tura tsirkiya sama, kuma firet ɗinta sun fi kusa da juna ga mai ƙananan hannu. Fuskar wuyan ma tana da ɗan tudu, ana auna shi da lambar da in ta ƙaru tudun ke raguwa. Tsoffin Fender tudunsu ya fi tashi, lambarsu 7.25, na zamani 9.5, Gibson 12, RG kuwa ta fi su duka shimfiɗa, ga wuya siriri. Mai tudu yana da daɗin kama tsirkiya da yawa a tare, shimfiɗaɗɗe yana da daɗin gudu. Wani yana son wuya mai cika tafi, wani siririn yana sa masa ciwon babban yatsa. Babu lambar da za ta yanke maka wannan, gani ya kori ji.

A kan jaki ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kafaffe ya fi kowanne kwanciyar hankali. Mai hannun lanƙwasa murya irin na Stratocaster yana da daɗi in ana taɓa shi a hankali, kuma wanda ba ya so yana iya ƙara ɗaure sifirin ɗin baya ya kwantar da shi a jikin katako. Floyd Rose, mai kulle tsirkiya sama da ƙasa, yana riƙe saiti duk yadda ka ja shi, amma yana shawagi ne a kan daidaito tsakanin tsirkiya da sifirin. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun kauce. In kana son sauke saiti don wata waƙa, sai ka nemo ɗan makullinsa ka zauna. Jitar da ba ta barinka ka sauya saiti cikin daƙiƙu ta rage maka abin da ka saye ta dominsa, don haka ba na ba mai farawa shawarar ta.

Maganar katako ba zan daɗe a kanta ba. Alda, mahogani, baswud, kowanne yana da masoya, amma tasirinsu a murya bai kama ƙafar na fikof da amfilifaya ba. Ka fi damuwa da nauyinsa.

Ranar gwaji, ka fara bugawa ba tare da ka jona ba, ka ji ko tana amsawa a jikinka. Ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet kana neman zizar da bai kamata ba ko wurin da murya ke mutuwa. Ka shafa gefen wuya, kada bakin ƙarafan ya karce ka. Ka gwada murya a firet na 12 da ta tsirkiya a sake, su zama ɗaya sai dai ɗaya ta fi tsayi. Sannan ka jona, ka bi matsayi biyar ɗin da murya garau tukuna, domin kaushi yana rufe aibi. Ka murɗa kowane murfi kana sauraron ƙaraf-ƙaraf. Ka rataya ta ka miƙe tsaye. In ta hannu ce, ka duba ramukan da tsirkiya ta ci a firet na farko-farko, ka hango wuyan daga ka kamar mai duba miƙewar sanda don kada ya zama a murɗe, ka tabbata ƙarfen cikin wuya yana juyawa, ka kuma leƙa bayan kai ko an taɓa manne tsaga. Manyan sunaye ana kwaikwayonsu sosai, saboda haka arahar da ta wuce hankali dalili ce ta ƙara bincike. Mai saye ta intanet kuma ya tabbatar akwai damar mayarwa kafin ya biya.

Kada kuɗin ya ƙare a kan jitar kaɗai. Matsakaiciyar jita a amfilifaya mai kyau ta fi tsadaddiya a ƙaramin akwati mai ƙara kamar gwangwani, kuma ka gwada ta a amfilifaya mai kama da wanda za ka yi amfani da shi. Ka ware wani abu kuma don mai gyara ya daidaita miƙewar wuya, da tsayin tsirkiya, da ramukan ɗan ƙashin da ke bakin kai, domin yawan sakin saiti da ake ɗora wa kunnuwan ɗauri sau da yawa daga waɗannan ramuka yake. Ka gaya masa kaurin tsirkiyar da za ka riƙa sawa tun kafin ya fara: 9 zuwa 42 ta fi laushi a kan mai inci 25.5, 10 zuwa 46 ta fi zama daidai a kan gajeren wuya, kuma in ka sauya kauri daga baya sai an sake taɓa saitin.