Eriyar Waje ko Starlink: Wanne Zai Gyara Kiran Waifai a Ƙauye?

Malam, abin da ka bayyana shi ne kana zaune a ƙauyen da ƙarfen sabis yake da nisa, waya ba ta kamawa a cikin ɗaki sai an fita tsakar gida ko an hau tudu, ka sayi MiFi, wato ƙaramar na'urar da ake sa wa sim ta raba intanet ta waifai, ka kunna kiran waifai, wato kiran lambar waya da yake bi ta intanet maimakon sabis, amma har yanzu murya tana yankewa, wani lokaci ma kiran ya katse baki ɗaya. Kana so ka san wanda ya cancanci kuɗinka tsakanin sabuwar rauta (na'urar raba waifai), da eriyar waje, da na'urar ƙara ƙarfin sabis da ake kira busta, da kuma Starlink, intanet ɗin da yake zuwa ta tauraron ɗan'adam.

Kiran waifai ba ya ƙirƙirar sabis inda babu shi. Abin da wayar take yi shi ne ta buɗe wata rufaffiyar hanya ta cikin intanet zuwa cibiyar kamfanin layinka, ta riƙa aika muryarka a ƙananan ƙunshi, guda ɗaya a kowane milisakan 20, wato guda 50 a daƙiƙa. Datar da wannan yake ci ba ta kai kilobit 100 a daƙiƙa ba, saboda haka saurin intanet ba shi ne damuwarka ba. Abin da murya take buƙata shi ne ƙunshin su iso a jere, a kan lokaci, ba tare da sun zube a hanya ba. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa jinkirin da bai wuce milisakan 150 ba daga bakin mai magana zuwa kunnen mai sauraro ba ya damun hira, amma idan ya haura 400 sai mutane su fara katse wa juna magana. Haka kuma idan ɗaya ko biyu cikin ɗari na ƙunshin suna ɓacewa, kunne zai fara jin giɓi. To, MiFi ɗinka da ke ajiye a kan tebur, a ƙarƙashin rufin kwano, a tsakanin katangun laka masu kauri, daga ƙarfen sabis ɗin nan mai nisa yake jawo intanet, kuma raunin da ya hana wayarka kamawa shi ne yake damun sa.

Wannan ya sa sabuwar rauta ta cikin ɗaki ita ce mafi ƙarancin amfani a gare ka, domin sabon guga ba ya ƙara wa rijiya ruwa. Za ka ga alamar waifai ta cika a fuskar waya, muryar kuma tana nan tana yankewa. Busta kuwa ina ba ka shawarar ka cire ta daga lissafi. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sha gargaɗin cewa sayarwa da girka irin waɗannan na'urori ba tare da izini ba ya saɓa wa doka, kuma masu arha daga cikinsu suna ƙara hayaniya tare da sigina, har su ɓata wa maƙwabta sabis ɗin da suke lallaɓawa da shi. Saboda haka zaɓin gaskiya ya rage tsakanin biyu: ka ɗaga mai karɓar sigina sama ya fuskanci ƙarfen sabis, ko ka rabu da ƙarfen sabis ka koma tauraron ɗan'adam.

Eriyar waje tana aiki ne kawai idan akwai abin kamawa a sama, kuma ana iya gane haka ba tare da an kashe ko sisi ba. Ka juya MiFi ɗinka, a bayansa ko a ƙarƙashin batir za ka ga adireshin shafinsa, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Ka buɗe shi a wayarka ka nemi lambobi biyu, RSRP da SINR. RSRP ma'aunin ƙarfin sigina ne, ana rubuta shi da alamar ragi: wajen -90 yana da kyau, -110 ya yi rauni, -120 kuma bakin yankewa ne. SINR yana nuna tsabtar siginar, idan ya haura 10 madalla, idan yana kusa da sifili murya za ta sha wahala. Ka rubuta abin da ka gani a ɗaki, sannan ka sa na'urar a cikin robar abinci mai murfi, ka ɗaure a kan dogon gora, ka ɗaga ta sama da rufi ta ɓangaren garin da ƙarfen yake, ka sake karantawa daga ƙasa. Kada ka yi amfani da gwangwani domin ƙarfe yana tare sigina, kada kuma ka bar ta a rana ta daɗe domin zafi yana kumbura batir. Duk ƙarin maki 3 yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu, don haka idan ka tashi daga -115 zuwa -103 ka samu ninki kusan 16, kuma wannan ya isa hujjar sayen kayan waje.

A nan akwai kuskuren da yake cinye kuɗin mutane da yawa. Suna sayen eriya mai kyau, sai su haɗa ta da rauta ta siririn kebul mai tsawon mita 10, wanda yake iya shanye mafi yawan ribar da eriyar ta samo kafin ta iso ɗaki. Abin da ya fi shi ne rautar waje wadda ake sa mata sim a ɗaure ta a saman sandar ita kanta, sannan a sauko da kebul na intanet, wanda yake ɗaukar data da wuta tare har tsawon mita 100 ba tare da wannan asarar ba. Wajen saye ka tabbatar tana kama zangon sigina na 700 da 800 na megahaz, domin ƙananan zango sun fi dogon tafiya da ratsa itatuwa fiye da 1800 ko 2600. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne ba dole ne sim ɗin da ke cikin rautar ya zama na kamfanin layin wayarka ba. Kiran waifai yana bi ta kowane intanet, don haka kana iya sa layin da ya fi ƙarfi a yankinku a sama, lambarka ta ainihi kuma ta ci gaba da amsa kira a ɗaki. Sandar ƙarfe mai tsawo tana buƙatar a haɗa ta da ƙasa saboda tsawar damina.

Raunin wannan hanya shi ne har yanzu kana rataye da ƙarfen sabis guda ɗaya. Ran da man injinsa ya ƙare, ko aka yanke kebul ɗin da yake ciyar da shi, ko ya cika da jama'a ranar kasuwa da kuma bayan sallar isha'i, eriyarka ba ta da abin da za ta iya yi.

Nan ne Starlink ya yi fice. Ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, kuma taurarinsa suna shawagi a nisan kusan kilomita 550, ba kamar tsofaffin taurarin sadarwa da ke kilomita 35,786 ba, waɗanda zuwa da dawowar saƙo ta cikinsu yake kaiwa wajen milisakan 600, abin da yake mayar da hira jiran juna. Jinkirin Starlink yawanci gommai ne na milisakan, wanda ya wadatar da murya. Sai dai yana da sharuɗɗansa. Farantinsa, wato eriyar da take karɓar sigina daga taurarin, yana buƙatar buɗaɗɗiyar sama, kuma reshen darbejiya ko mangwaro guda ɗaya yana iya jawo yankewar daƙiƙa biyu ko uku a kai a kai, wadda mai kallon bidiyo ba zai lura da ita ba amma mai kira zai rasa jimla sukutum. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana raunana shi. Sannan ga wuta: babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini yana cin 25 zuwa 40, alhali rautar 4G ba ta cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. A gidan da yake dogara da sola, wannan bambanci yana nufin ƙarin faifai da ƙarin batir, ban da kuɗin wata da ake biya ko an yi amfani ko ba a yi ba.

A ganina, idan gwajin gora ya nuna maka RSRP na -105 ko abin da ya fi shi kyau, kuma buƙatarka kira ce da saƙonni, rautar waje ta fi dacewa da kai nesa ba kusa ba. Idan kuwa ka ɗaga har sama ba ka ga 4G ba, ko kuwa wurin asibitin ƙauye ne ko makaranta inda katsewar sadarwa na yini guda take da haɗari, to Starlink ne, kuma ya fi sauƙi idan gidaje kaɗan za su haɗa hannu wajen ɗaukar nauyinsa.

Ko wanne ka zaɓa, akwai gyaran cikin gida da yake da tasiri fiye da yadda ake zato. Wayar da take ganin sabis ɗigo ɗaya takan yi ta tsalle tsakaninsa da waifai, kuma idan sabis ɗin 2G ne ko 3G, tsallen yakan kashe kiran. Ka kunna yanayin jirgin sama, sannan ka kunna waifai shi kaɗai, ka gwada kira. Idan ya daidaita, ka gano mai laifin, sai ka shiga saitin da aka rubuta Wi-Fi Calling ka zaɓi fifita waifai idan wayarka tana da wannan zaɓi. Idan kana amfani da VPN, wato manhajar da take karkatar da intanet ɗinka ta wata hanya, ka kashe ta lokacin kira. A gidan laka zangon 2.4 na gigahaz ya fi 5 ratsa katanga, kuma a ƙauye babu cunkoson rautocin maƙwabta da zai dame shi. Abu mafi ɓoyuwa shi ne lodin wasu: idan yaro yana tura bidiyo ko wata waya tana kwashe hotunanta zuwa intanet, ƙunshin muryarka sai su tsaya a bayan nasu, jinkiri ya tashi daga gommai zuwa ɗaruruwan milisakan. Rautar da take da saitin QoS ko SQM, masu tsara layin wucewar data, tana magance wannan idan aka taƙaita saurin turawa kaɗan ƙasa da iyakar layin.

Ka kuma tabbatar alamar kiran waifai, wadda wasu wayoyi suke rubutawa VoWiFi, tana bayyana a saman fuskar wayar, domin sai kamfanin layi da samfurin wayar duka sun amince da juna kafin ya yi aiki, kuma kunna maɓallin kaɗai ba ya tabbatar da haka. Idan ba ta bayyana ba, kiran WhatsApp zai amfana da duk gyaran da na ambata, sai dai mai ƙaramar waya marar intanet ba zai same ka ta can ba, kuma saƙon lambar sirri na banki ba ya biyowa ta wannan hanya. Game da kiran gaggawa na 112, ka fita inda waya take kama sabis kai tsaye in da hali, domin ta waifai ba lallai ne a iya gane inda kake ba.