Fiƙihun ciniki da dokar kwantiragi: inda suka haɗu da inda suka raba hanya

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka sauke Risala a makarantar zaure a Agege, har ka taɓa babin ciniki a Askari, yanzu ga ka a aji biyu na karatun lauya a Jami'ar Legas da ke Akoka, an soma muku dokar kwantiragi, kuma kana jin kamar duk abin da lakcara yake faɗa ka taɓa ji a bakin malam. Shin za ka iya dogara da fiƙihun da ka sani, ka rage wa kanka wahalar haddace kes-kes ɗin Turawa, wato shari'o'in da kotunansu suka yanke? Zai raka ka har tsakiyar zangon farko. Daga nan, in ba ka yi hattara ba, shi ne zai kayar da kai a jarrabawa, domin kama da wane ba ta wane. Bari in jera maka su gefe da gefe.

Tun daga tushe suka bambanta. A fiƙihu kana komawa ga aya da hadisi da maganar malaman mazhaba: ayar farko ta Suratul Ma'ida da ta ce a cika alƙawura, da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da ta sa yardar juna ta zama sharaɗin kasuwanci. Dokar da ake koya maka a Akoka kuwa gadon Ingila ce. Nijeriya ta karɓi dokar alƙalansu, da ƙa'idojin adalci na kotunansu, da dokokin gama-gari da ke aiki a can ranar 1 ga Janairu, 1900. Shi ya sa har gobe za ka ji ana ambaton dokar sayar da kaya ta 1893. Mafi yawan ƙa'idojin ba a rubuce suke a kundi guda ba, a warwatse suke cikin hukunce-hukuncen alƙalai. Saboda haka kes ɗin da kake son tsallakewa ba misali ba ne da aka kawo don ƙarin bayani. Shi ne nassin.

Inda za ka ji kana gida shi ne babin ƙulla ciniki. Ijabi da ƙabuli da ka sani su ne tayi da karɓa. Je ka kasuwar Mile 12 da asuba ka tsaya kusa da mai tumatir. Ya ce kwando naira 40,000, mai saye ya taya 35,000, ya ce albarka. Mutumin ya zaga kasuwa ya ga ko'ina da tsada, ya dawo ya ce to ya yarda da arba'in ɗin. Mai kaya ya ce ai yanzu sai arba'in da biyar. Yana da wannan haƙƙin? A ɓangarorin biyu yana da shi. Wannan shi ne kes ɗin Hyde da Wrench na 1840: an sa wa gona kuɗi fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya karɓa a kan dubu, kotu ta ce tayinsa na biyu ya riga ya kashe na farko. Haka batun shiru. Ƙa'idar fiƙihu ta ce ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana, Felthouse da Bindley na 1862 ma abin da ya ce ke nan, a kan wani mutum da ya rubuta wa ɗan ɗan'uwansa cewa in bai ji komai ba to doki ya zama nasa. Idan aka zo kan Carlill na 1893, kamfanin da ya yi shelar zai ba da fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa yadda aka tsara kuma mura ta kama shi, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake, kai ba za ka sha wahala ba. Ji'ala ce, irin wadda ka karanta hujjarta a aya ta 72 ta Suratu Yusuf, inda aka ce wanda ya kawo ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. Abokan karatunka za su daɗe suna mamakin yadda za a ƙulla yarjejeniya da mutumin da ba a san ko wane ne ba, kai kuwa ka san wannan tuntuni.

Ko a zaɓin majalisi ma Malikiyya sun fi kusa da abin da za a koya maka. Imamu Malik ya ruwaito hadisin da ke ba masu ciniki zaɓi muddin ba su rabu ba, amma bai yi aiki da shi a kan rabuwar jiki ba, saɓanin Shafi'iyya da Hambaliyya. A wurinsa da an ce na saya, na sallama, ciniki ya faɗa. Sai dai ka lura da ƙa'idar wasiƙa ta Adams da Lindsell na 1818, wadda ta ce karɓa ta tabbata tun lokacin da aka jefa takarda a gidan waya ko da ba ta isa ba. Wannan sabon abu ne a gare ka, ka riƙe shi tare da Entores na 1955 da ya ce a saƙon nan-take sai ya isa tukuna.

To, ga inda hanya ta rabu, kuma nan nake so ka zauna da kyau: abin da lakcarori ke kira konsidareshan. Dokar Ingila ba ta tilasta cika alƙawari don kawai an yi shi. Tana tambayar wanda ya kawo ƙara: kai me ka bayar, ko me ka yi, ko me ka bari, a madadin alƙawarin da aka yi maka? In babu, babu kwantiragi, sai fa in an rubuta alƙawarin a takarda ta musamman mai sa hannu da hatimi. Ba ruwan kotu da yawan abin ko ƙanƙantarsa. A Thomas da Thomas na 1842, fam ɗaya a shekara da wata bazawara ta yarda za ta riƙa biya ya isa ya tabbatar mata da zama a gidan mijinta da ya rasu.

Ɗauki misali. Baffanka ya ce a gaban mutane ya ba ka injin niƙansa da ke Idi-Araba kyauta, ka ce ka karɓa, ka gode. Bayan mako biyu ya ce ya fasa. A Malikiyya kyauta tana lizimta da furuci, kana iya neman ya miƙa maka, sai dai in ya rasu ko ya tsiyace kafin ka karɓe ta a hannu, sai ta ɓaci. A takardar jarrabawa kuwa, in ka rubuta cewa baffa zai ba da injin dole, ka faɗi wannan tambayar. Ba ka ba shi komai ba, ba a miƙa maka injin ba, babu takarda mai hatimi. Sannan ga Balfour da Balfour na 1919, inda miji ya yi wa matarsa alƙawarin fam 30 duk wata, kotu ta ce maganar cikin gida ba a ɗaukarta a matsayin wadda aka yi da niyyar zuwa gaban alƙali.

Babin bashi ya fi wannan ban mamaki, domin a nan gaba ɗaya suka juya wa juna baya. Kana bin mutum naira 500,000, lokaci ya yi, ya kawo 300,000, ka ce ka yafe sauran. A fiƙihu yafiya ta tabbata, har Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita a aya ta 280 ta Suratul Baƙara. A ƙa'idar kes ɗin Pinnel na 1602, wadda Foakes da Beer ya ƙarfafa a 1884, kana iya dawowa gobe ka nemi cikon 200,000, domin mutumin bai ba ka komai ba a madadin yafiyar. Yanzu juya misalin. Bashin saura wata uku ya cika, kai mai bi ka ce ya kawo 300,000 yau ka bar masa sauran. Dokar Ingila ta ce wannan ya yi, domin biya kafin lokaci sabon abu ne da ya ba ka. Risala kuwa ta hana rage bashi a kan a gaggauta biyansa, Malikiyya suna ganin ƙofar riba ce. Abin da wannan ya ɗaure, wancan ya kwance. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da tunanin zaure a wannan babin, duka tambayoyin biyu zai amsa a birkice, kuma yana da yaƙinin ya yi daidai. Wannan ne yake ba ni tsoro a kanka.

Alƙalan Ingila su ma sun ji nauyin wannan tsananin. A kes ɗin High Trees na 1947, alƙali Denning ya ce mai gida ba zai iya neman cikon hayar shekarun yaƙi ba, wadda ya rage daga fam 2,500 zuwa 1,250. Namu na gida shi ne Ajayi da R. T. Briscoe na 1964, a kan manyan motoci da aka saya biya-sannu-sannu, inda Ajayi ya yi rashin nasara saboda bai nuna ya sauya matsayinsa don dogaro da alƙawarin kamfanin ba. Za ka tuna da misalin malaman Malikiyya: wanda ya ce maka rushe gidanka zan ranta maka kuɗin gini, in ka rushe, alƙawarin ya hau kansa. Sun yi kama, amma akwai iyaka. Combe da Combe na 1951 ya ce ƙa'idar High Trees ta kare kai ce kawai idan an kai ka ƙara, ba a buɗe sabuwar ƙara da ita.

Akwai kuma abubuwan da fiƙihu ya cika littafi da su, dokar kwantiragi ko waiwayarsu ba ta yi. Riba tana gaba: kotu a Ikko za ta tilasta biyan kuɗin ruwa in an yi yarjejeniya a kai. Garari, wato ciniki mai rashin tabbas, ma haka. Ɗan kasuwar da ya aika kuɗi Kadawa ya saye gonar tumatir tun bai nuna ba, malam zai ce masa hadisi ya hana, ya koma salam, a ambaci awo da siffa da lokaci, a biya kuɗi nan take. Lauya zai ce masa sayen kayan da ba su samu ba tukuna ya halatta a doka, in dai sharuɗɗan a fayyace suke. Kafin alƙalami da mai kaya zai cinye in mai saye ya fasa, Malikiyya sun hana, dokar Ingila ta yarda. Shekarun ƙulla ciniki kuwa, kai ka san wayo da balaga da izinin waliyyi, amma Labinjoh da Abake na 1924, a kan wata yarinya da aka ba kayan talla bashi, ya tsaya a kan shekara 21. Ka karanta shi tare da dokar haƙƙin yara ta 2003 wadda ta sa ƙuruciya ta ƙare a 18.

Zango na biyu kusan duka baƙon wuri ne a gare ka, musamman diyya. Karatun zaure ya fi mayar da hankali a kan ko ciniki ya inganta ko ya ɓaci, da mayar da kaya saboda aibi. Kotu tambayarta ita ce nawa za a biya. Direban tirela ya yi alƙawarin kawo tumatir Mile 12 ranar Litinin, bai iso ba sai Alhamis, rabi ya ruɓe, farashi ya faɗi, ga wani babban mai saye da ya fasa. Wace asara ce za ta hau kansa? Amsar tana cikin Hadley da Baxendale na 1854, a kan sandar injin niƙa da aka yi jinkirin kaiwa: asarar da kowa ya san za ta biyo baya, da wadda ɓangarorin biyu suka sani tun lokacin ƙulla yarjejeniya. Ruɓewar tumatir tana cikin ta farko. Ribar babban mai sayen nan, sai in an gaya wa direba tun a wurin lodi.

Kada ka ji wannan ka ɗauka fiƙihunka ya tashi aiki. Jihar Legas ba ta da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma ko a jihohin da suke da ita, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita huruminta ga aure da kyauta da waƙafi da wasiyya da gado da makamantansu. Rikicin ciniki a nan kotun majistare ko babbar kotu zai je. Amma mutanen da za su ƙwanƙwasa ƙofarka nan gaba, masu raguna na Alaba Rago da mahautan Oko-Oba, da hukuncin malam suke ƙulla cinikinsu, sai an saɓa su tarar alƙali yana auna shi da wani ma'auni daban. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 kuma, bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa suna buƙatar wanda zai rubuta murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) da ijara (haya) yadda malami zai yarda, alƙali ma ya zartar. Irinku ake nema, kuma ba ku da yawa.

Abin da zan so ka gyara tun yanzu shi ne salon amsa. A zaure an saba maka da kawo hukunci kai tsaye, ya halatta ko bai halatta ba. Lakcara ba a hukuncin yake ba da mafi yawan maki ba. Yana so ka fito da matsalar da ke ɓoye a labarin, ka kawo ƙa'ida da sunan kes, ka ɗora ta a kan mutanen da ke cikin tambayar ɗaya bayan ɗaya, ka faɗi abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai ce, sannan ka yanke. Ka mallaki littafin Farfesa Sagay na dokar kwantiragi, kuma duk inda ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli ka fifita shi, domin na Ingila na yanzu shawara ce a kotunanmu, ba dole ba. Ƙwaƙwalwar da ta haddace Ishiriniya ba za ta gaza riƙe sunan kes da shekararsa ba, amma ka haɗa da labarinsa a layi uku. Littafin rubutu biyu za ka tanada. Duk babin da aka yi a aji, ka rubuta a na biyun abin da Malikiyya suka ce, ka ja layi a ƙarƙashin inda suka saɓa, ka fara da babin bashi.