Ina za a sauka in ana son ganin ɗan tsuntsun filayen Tihama?

Hausawan Jidda da Makka da suka taso a Nijar ko arewacin Borno sun san shi ko da ba su riƙe sunansa ba. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba. Namijin baƙi ƙirin ne daga maƙogwaro har ciki, kumatunsa farare, macen kuwa launin ƙasa gare ta, sai ta motsa ake ganinta. Masana na kiransa Eremopterix nigriceps. Daga tsibiran Kef Bade ya bi Sahel ya ratsa yankin Larabawa har Indiya. A ƙasa yake kiwo, tsabar ciyawa yake tsinta, kuma a gindin ciyawa yake sheƙa.

Wannan halin nasa shi ya kamata ya zaɓar muku masauki.

Da an ce yawon daji a Saudiyya, hankali kan Al'Ula yake tafiya, sama da kilomita 300 arewa da Madina. Can akwai otal-otal ɗin Habitas da Banyan Tree a kwarin Ashar, ana kuma shiga da baƙi gandun Shara'an a mota su ga barewa da mariri. Wuri ne mai kyan gaske, tsadarsa ma haka. Sai dai ƙasar duwatsu ce. Wanda barewa ta kai shi ya ci riba, wanda ya je don wannan tsuntsu ya yi nisan banza.

Ni Tihama nake nuna wa mutane, shimfiɗaɗɗen filin yashi da ke bin gaɓar Bahar Maliya kudu da Jidda, ta Lis da Ƙunfuza har Jizan. A nan zaɓi biyu ne. Ko ku kama istiraha, wato gidan hutu na haya, a bakin gari, mai katanga da na'urar sanyi da wurin girki, ko ku fita kashta, wato kwanan daji, da tantinku kamar 'yan ƙasa. Mai iyali da tsofaffi ya ɗauki istiraha, a yi karo-karo tsakanin gida biyu ko uku. Kafin ku biya, ku tambaya ko akwai ruwa a tanki, kuma minti nawa ne zuwa fili, domin da hantsi ya yi tsuntsun ya shige inuwa. Bayan sallar asuba ake fita, lokacin da namiji ke tashi sama yana kuka yana lilo ƙasa.

Kashta ta fi arha, ta kuma fi kusantar da ku, amma tana son mota mai jan ƙafa huɗu. Kada a kafa tanti a cikin kwari, ruwan da aka yi a duwatsun Sarawat yakan gangaro ba sallama. Ku taho da gawayinku, saran itacen daji laifi ne mai tara. Kuma don Allah a bi sawun motocin da suka riga wucewa, taya ɗaya ta isa ta murƙushe sheƙa da ƙwanta.

Ku shirya tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Tihama ya dawo.